Elkader: Ƙaramin Garin Amurka Mai Sunan Amirin Aljeriya

A arewa maso gabashin jihar Ayowa ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Elkader. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna mutum 1,209 ne ke zaune a cikinsa, wato ko unguwa guda ta Maraɗi ko ta Kumasi ta fi shi yawan jama'a. Akasarin mazaunansa Kiristoci ne, jikokin Turawan da suka yi ƙaura daga Jamus da Ailan da Norwe, kuma noma da kiwo su ne abin dogaron yankin. Amma sunan garin nasu na Larabci ne. An ɗauko shi daga sunan wani malami Musulmi, ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya, wanda bai taɓa taka ƙasar Amurka ba, wato Amir Abdulƙadir ɗan Muhyiddin na Aljeriya. Yadda aka yi sunan ya haye teku, da abin da yake nufi, da yadda masu garin suke amfani da shi, shi ne abin da nake so mu duba tare da masu karatu a wannan wata.

Yadda garin yake

Wanda ya taso daga Shikago zai yi tafiyar kusan kilomita 400 yamma kafin ya isa. Zai haye babban kogin Misisifi a birnin Dubuk, daga nan kuma sauran kusan kilomita 100. Mafi yawan ƙasar Ayowa shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gonakin masara da waken suya iyakar ganin ido. Wannan kusurwa tata kuwa dabam take. Tuddai ne da kwazazzabai da duwatsun farar ƙasa, hanya tana hawa tana gangara, har matafiyi ya gangaro cikin wani kwari inda garin yake kwance a gaɓa biyu na wani kogi. Sunan kogin Turkey, kuma ba ƙasar Turkiyya ake nufi ba, talo-talon daji ake nufi.

Abin da baƙo zai fara lura da shi wata gada ce ta dutse mai baka biyu, wadda aka gina a 1889 da duwatsun da aka fasa a nan wurin. Tsawonta mita 105. Akwai tsohon ginin kotu mai hasumiyar agogo, domin garin shi ne hedikwatar gundumar Clayton. Akwai gidan wasan kwaikwayo na 1903, da majami'u, da layin kantuna guda wanda mutum zai ƙure shi da ƙafa kafin shayinsa ya huce. Sa'an nan akwai wani ɗan filin shaƙatawa mai suna Maskara. Wannan shi ne abu na biyu bayan sunan garin da ke nuna wa baƙo cewa akwai wata igiya tsakanin wurin nan da arewacin Afirka.

Waɗanda suka raɗa sunan

Turawa sun fara kafa bukkoki a kwarin a 1836. Shekara goma bayan haka, a 1846, mutum uku suka haɗa jari domin su gina injin niƙa a bakin kogin, su kuma yanka filaye su kafa gari. Su ne Timothy Davis da John Thompson da Chester Sage. Davis lauya ne, kuma daga baya ya wakilci Ayowa a majalisar dokokin Amurka daga 1857 zuwa 1859. Shi aka bar wa zaɓen suna.

A lokacin jaridun Ingila da na Amurka suna yawan kawo labarin wani shugaban Larabawa da ya hana Faransa sakat a Aljeriya. Amurkawa kuwa ba su daɗe da ƙwatar kansu daga hannun Ingila ba, saboda haka duk wanda suka ji yana faɗa da babbar daula sai ya shiga ransu. Al'ada ce a wurinsu su sa wa sababbin garuruwa sunan irin waɗannan mutane. Garin Ypsilanti na jihar Mishigan sunan wani jagoran Girkawa ne da ya yaƙi Turkawa. Garuruwa da dama suna amsa sunan Bolivar, wanda ya kori Sifaniyawa daga Amurka ta Kudu. A cikin Ayowa kanta akwai gundumar Kossuth mai sunan jagoran mutanen Hangari. Davis dai bin wannan al'ada ya yi. Abin da ya bambanta nasa zaɓen shi ne, gwarzon nasa Balarabe ne, Musulmi, ɗan Afirka.

Wane ne mai sunan?

An haifi Abdulƙadir a 1808 a wani ƙauye kusa da garin Maskara, a yammacin Aljeriya. Mahaifinsa Muhyiddin shehi ne na Ƙadiriyya, ɗariƙar da mu ma muka sani a ƙasar Hausa, wadda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake cikinta. Yaro ya tashi a zawiyar mahaifinsa, ya haddace Alƙur'ani, ya yi karatun fiƙihu, ya kuma ƙware a hawan doki. Yana saurayi ya bi mahaifinsa aikin hajji, suka zarce Dimashƙu da Bagadaza, inda suka ziyarci kabarin Shehu Abdulƙadir Jilani.

A 1830 Faransa ta kama birnin Aljiyas. A watan Nuwamba na 1832 ƙabilun yamma suka yi wa Abdulƙadir mubaya'a, yana da shekara 24. Daga nan har shekara 15 yana fafatawa da Faransa. Ya kafa runduna mai albashi, ya naɗa alƙalai da wakilai, ya buga kuɗinsa, ya kafa maƙerun makamai. Sau biyu Faransa tana zama da shi a yi sulhu, a 1834 da kuma 1837 a yarjejeniyar Tafna. Ko abokan gabansa sun yi masa shaidar kyautata wa fursunonin yaƙi, har a 1841 ya yi musayar fursunoni ta hannun Dupuch, bishop ɗin Aljiyas.

Da yaƙi ya sake ɓarkewa, Janar Bugeaud ya ɗauki dabarar ƙone gonaki da kwashe dabbobi da fasa rumbuna, don yunwa ta raba Amir da jama'arsa. A 1843 aka kama sansaninsa na tantuna mai ƙaura, wanda ake kira Zumala, da dubban mutane da littattafansa. Saboda haka a 1846, lokacin da Davis yake rubuta sunansa a takardar gari, Amir ba a kan nasara yake ba. Korarre ne da ke kai da kawowa a iyakar Maroko. A watan Disamba na 1847 ya ajiye makami.

Ma'anar sunan

Sunan Abdulƙadir kalma biyu ce. Abdu, wato bawa. Alƙadir, wato Mai iko, ɗaya daga cikin kyawawan sunayen Allah. In an haɗa, ma'anarsa bawan Mai iko. Faransawa sun rubuta shi gida uku, Abd-el-Kader, kuma a haka ya shiga jaridun Turanci. A al'adar Turawa sunan da ya zo ƙarshe shi ne na zuri'a, kuma shi ake sa wa gari ko titi. Ga alama da wannan ido aka dubi sunan, aka yar da Abd, aka manne sauran biyun, ya zama Elkader.

To, a nan duk wanda ya zauna gaban malami zai ga abin da ya faru. An cire bawan, an bar sunan Ubangijinsa. Mu in za mu gajarta irin wannan suna, gaban muke riƙewa, mu ce Abdu ko Audu, ko kuwa mu kauce gaba ɗaya mu kira mai sunan Abdulƙadir da laƙabin Jelani ko Zailani, saboda shehin Bagadaza. Malamanmu kuma sun sha jan kunne game da kiran Abdurrahman da rabin sunansa na ƙarshe. Su waɗanda suka kafa garin ba Larabci suka sani ba, kuma girmamawa suka nufa. Amma yana da kyau mai karatu ya san cewa, in aka bi asalin kalma, abin da ke rubuce a allon shiga garin nan shi ne Alƙadir.

Furucin ma ya canja. Turanci ba shi da harafin ƙaf na Larabci, kuma Amurkawa sukan karanta harafin a na tsakiyar irin wannan kalma kamar e mai ja. Saboda haka abin da kunne zai ji daga bakin ɗan garin ya fi kusa da Elkeda. Balaraben da ya ji haka ba lalle ne ya gane sunan ƙasarsu ne ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a can, domin garin Cairo na jihar Ilinoi, mai sunan Alƙahira, Kero mutanensa ke kiransa. Mu ma haka muka yi da Abubakar ya koma Habu da Buba da Garba, Muhammadu ya koma Mamman. Kowane harshe yakan tauna baƙon suna har ya dace da bakinsa.

A wurin ɗan garin, Elkader suna ne na yau da kullum. Shi ke kan ambulan tare da lambar gidan waya 52043, shi ke jikin motar kashe gobara, shi manomi ke faɗa in an tambaye shi inda zai kai hatsi. Kamar yadda mutumin Dogon Dutsi ba ya tuna dutse duk lokacin da ya ambaci garinsu, haka su ma ba sa tuna Amir duk lokacin da suka ambaci nasu.

Ƙasar wa aka raɗa wa suna?

Akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a tsallake ba. Kafin zuwan Turawa, gabashin Ayowa ƙasar ƙabilun asali ce, irin su Sauk da Meskwaki. Sunan jihar kansa na wata ƙabila ce ta asali. A 1832 wani jagoran Sauk mai suna Black Hawk, wato Baƙin Shaho, ya yi yunƙurin komawa ƙasar kakanninsa a gabashin Misisifi. Sojojin Amurka suka murƙushe shi, kuma a watan Satumba na shekarar aka tilasta wa ƙabilun su sallama wani dogon yanki a yammacin kogin. A 1833 aka buɗe wa Turawa shi.

Ku dubi shekarun da kyau. A 1832 aka karya Black Hawk, a 1832 aka yi wa Abdulƙadir mubaya'a. Dukansu biyu abu guda suka tashi yi, wato hana baƙi cinye ƙasar iyayensu. Davis ya yaba wa na nesa, alhali kuwa yana yanka filaye a yankin da aka karɓe daga mutanen na kusa. Ba na faɗin haka don in rage masa ladan zaɓensa. Na faɗa ne don hali ne na ɗan Adam, mu da su duka: zaluncin da ake yi a ƙasar wasu ya fi sauƙin gani bisa wanda mutum yake cin moriyarsa.

Abin da mai sunan ya yi daga baya

Da Amir ya ajiye makami, sharaɗinsa shi ne a bar shi ya tafi Iskandariya ko Akka. Janar Lamoricière ya amince, amma gwamnatin Faransa ta saɓa alkawari. Aka tsare shi da iyalinsa da mabiyansa a Tulon, sa'an nan Po, sa'an nan gidan sarauta na Ambuwaz, inda wasu daga cikinsu suka rasu aka binne su a can. Sai a 1852 Louis-Napoléon ya sake shi. Ya zauna a Bursa ta ƙasar Turkiyya, a 1855 kuma ya koma Dimashƙu, ya duƙufa ga karantarwa da rubutu.

A watan Yuli na 1860 fitina ta tashi a Dimashƙu, 'yan tarzoma suka far wa unguwar Kiristoci da kisa da ƙone-ƙone. Amir ya fito da mutanensa 'yan Aljeriya, suka riƙa shiga unguwar suna kwaso maza da mata da yara, da limaman coci da jakadun ƙasashen Turai, suna kai su gidansa da kuma ganuwar birni. Dubban rayuka suka tsira ta hannunsa. Mutumin da sojan Faransa suka ƙone wa ƙasa, gwamnatinsu ta ci amanarsa, shi ne ya tsaya a ƙofar gidansa ya hana a taɓa Kirista, kuma hujjarsa ita ce addininsa ne ya umarce shi da haka. Faransa ta ba shi babbar lambar girmamawarta, gwamnatin Amurka ta aiko masa da kyautar ƙananan bindigogi biyu. Ya rasu a Dimashƙu ranar 26 ga Mayu 1883, aka binne shi kusa da Shehu Ibn Arabi. A 1966 aka mai da gawarsa Aljiyas.

Abin lura a nan shi ne, an raɗa wa garin suna shekara 14 kafin wannan aiki na Dimashƙu. Davis jarumin yaƙi ya sani. Bai san zai bar wa jikokinsa Kiristoci sunan mutumin da za a riƙa tunawa da shi saboda ceton Kiristoci ba. Hausawa sun ce suna linzami ne. A nan kuwa mai sunan ne ya ci gaba da ƙara wa sunan nauyi, garin yana can yana cin gajiya ba da saninsa ba.

Yadda aka sake ƙulla zumunci

Shekaru da yawa babu wata hulɗa tsakanin garin da Aljeriya, ko da yake labarin bai ɓace ɗungum ba, domin ɗaliban sakandaren garin da suka gama a 1915 sun rubuta tarihin Amir suna alfahari da shi. Sai a 1984 aka ƙulla yarjejeniyar 'yan'uwantaka tsakanin Elkader da Maskara, tawagar garin ta je Aljeriya, aka kuma ci gaba da ziyartar juna. Daga nan filin shaƙatawar nan ya samo sunansa. Ita ma kalmar Maskara daga Larabci take, Mu'askar, wato sansanin mayaƙa.

A watan Yuni na 2008 kogin Turkey ya yi ambaliya irin wadda garin bai taɓa gani ba, ruwa ya shiga gidaje da kantuna. Gwamnatin Aljeriya ta aiko da gudummawar dala 150,000. Ƙasar Afirka ce ta kai wa garin Amurka ɗauki, kuma babu ciniki ko siyasa da ta haɗa su in ban da suna. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. A wannan shekara kuma wani marubuci Ba'amurke, John Kiser, ya fitar da littafi a kan rayuwar Amir. Bayan fitowarsa aka kafa wani shiri na ilimi a garin, wanda ya shirya wa ɗalibai gasar rubutu a kan halayen Amir. A matsayina na malamin makaranta wannan ne ya fi burge ni, domin sun gane cewa suna ba ya karantar da kansa, sai an zaunar da yaro an gaya masa.

Sunan ƙarfi da sunan ƙauna

Faransa ma ta raɗa sunaye a Aljeriya. A 1838 ta kafa Philippeville da sunan sarkinta Louis-Philippe. A 1843 Bugeaud, wanda ya kori Amir, ya kafa Orléansville da sunan gidan sarautar. Sunaye ne na masu nasara, da igwa a bayansu. Bayan samun 'yancin kai a 1962 aka share su. Philippeville ta zama Skikda, Orléansville ta zama Al-Asnam, daga baya Shalif. Maƙwabtanmu na Chadi ma haka suka yi a 1973, suka cire sunan Kwamanda Lamy daga babban birninsu suka mai da shi Njamena. Shi kuwa wanda aka ci da yaƙi, aka ɗaure, ya mutu a ƙasar gudun hijira, sunansa yana nan a kan gari tun 1846, kuma babu sojan da ya tsare shi. Abin da ya tsare shi, mutanen garin da kansu suka zaɓe shi, da suka bincika kuma suka tarar ba abin kunya a cikinsa.

Muna da irin wannan a namu tarihi. A Sudan, a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, akwai garin Mai Wurno, mai sunan Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya jagoranci jama'a gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Shi ma sunan wanda aka kora ne, kuma ya zauna.

Na taɓa tambayar 'yan ajina ma'anar sunan unguwannin da suke kwana a ciki. Daga cikin yaran da suka ɗaga hannu, mafi yawa cewa suka yi haka suka tashi suka ji ana faɗa. Ba laifinsu ba ne, ba a gaya musu ba ne. Kowane zango da kowace unguwa tamu akwai wanda ya fara kafa bukka, akwai dalilin da ya sa aka kira ta da abin da ake kiranta, kuma tsofaffin da suka san wannan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Shawarata ga 'yan'uwana malamai ita ce, a wannan zangon karatu kowa ya ba ɗalibansa aikin gida guda: su je wurin mai unguwa ko liman ko wata tsohuwa, su tambayo wa ya raɗa wa wurin suna, yaushe, kuma me yake nufi, su rubuto shi ko da shafi ɗaya ne. Abin da ya yi kyau a aiko wa wannan fili a buga. Allah Ya ji ƙan Amir Abdulƙadir, Ya sa mu ma mu bar sunan da na baya ba za su ji kunyar amsawa ba.